Baƙin Tabon Diddigen Inna

Assalamu alaikum 'yan uwana na wanga shafi, ina gajiyarku? Masu cewa "Rumaisa'u kin ɓace, ko an kawo goro ne ba mu ji ba?", ku kwantar da hankali, babu goro babu ango. Wata biyar na yi ƙauyenmu, Angwal Magarya, can bayan Sukukutane, inda rezo, wato layin waya, ba ya zuwa ko gaisuwar mutuwa. Ni da ko fura zan sha sai na ɗauke ta hoto, sai ga ni da bik da kaye, wato biro da littafin rubutu, ina rubuta takarda kamar mutanen da. Takardun ne zan sa muku yau, nawa da na Tanti Sahura, ƙanwar innata, infirmiya ce, wato ma'aikaciyar jinya, a sashen ciwon fata na wani babban asibiti a Yamai. Ta ajiye nawa, ta turo mini hotonsu, kuma ita da Inna sun yarda in sa. A ciki akwai layi biyu da na tsallake da bakina. Ku bi a hankali, za ku gan su.

Angwal Magarya, 9 ga Yuli

Tantina ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Ina aiki, ina yara, ina zafin Yamai? Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, hatsi ya kai gwiwa, ana noman farko. Kada ki yi mamakin takarda: kwana biyu da zuwana salulata ta faɗa rijiya ina leƙen guga. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, Inna tana ta dariya. Malam Ja'afar mai motar kasuwa zai kai wagga takarda Dutsi, ya ba kar, babbar motar fasinja mai zuwa Yamai.

Tanti, ƙafar Inna ce. Tun bara wani baƙin tabo ya fito mata a diddigen dama, kamar ƙwayar wake. Ta ce ƙaya ce ta karye ciki. Lokacin ina Dutsi da salulata, na duba, na ga an ce kansar fata ta Turawa ce, rana ke ƙone su. Sai na ce mata faso ne, na sayo mata man shafawa. Yanzu ya kai girman goro, gefensa ba daidai ba kamar ɓera ya ci, wani wuri baƙi ƙirin wani wuri ja-ja, kuma in ta taka yana jini. Tsumma take ɗaurawa ta ɗingisa zuwa gamanarta, kin san tun rasuwar Baba wannan 'yar gonar ce cinta da shanta.

Wanzami ya zo zai tsaga, ta bi shi da muciya, ta ce ƙarfe ba ya taɓa ta. Matan gari sun ce wurin doguwa ta taka a gindin tsamiya. Ni dai ban sani ba.

Tanti, ai baƙar fata ba ta kansar fata, ko? Don Allah ki ce mini e.

Ɗiyarki Rumaisa'u

Yamai, 16 ga Yuli

Ɗiyata Rumaisa'u,

Na samu takardarki, na ji lafiyarku, alhamdu lillahi. Mu ma lafiya, sai aiki. Allah ya ji ƙan salula.

Ba zan ce miki e ba.

Shekara sha ɗaya ni ke rubuta sunan duk wanda ya shigo sarbis ɗinmu, wato sashenmu na asibiti, da shekarunsa, da garinsu, da sana'arsa. Abin da zan gaya miki ba daga littafi ba ne, idona ne ya gani. Bature ko ɗaya ban taɓa rubutawa ba. Manoma ne, da makiyaya, da matan ƙauye, yawancinsu sun ba hamsin baya, yawancinsu daga nesa. Waɗanda munka fi gani su ne masu tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya yi shekaru, sai ya tashi ya yi baki kamar farin kabeji ya ƙi warkewa. Sai zabiya, su kam yara ne ƙanana, ɗan shekara ashirin da biyar rana ta cinye masa kunne ko leɓe ko wuya. Akwai masu baƙaƙen ƙulalai a ƙafa. Sai kuma wanda kika siffanta: baƙin tabo a tafin ƙafa ko diddige ko ƙarƙashin farce, likitoci na ce masa melanom. Bai kai na gyambo yawa ba, amma ya fi shi saurin tafiya. Kuma kowa labarinsa ɗaya: "ƙaya ce", "faso ne", "mun bari a gama damina".

Ban ga ƙafar ba, ni kuma ba likita ba ce, ƙila ba shi ba ne. Amma ki kawo ta cikin wanga wata. Wanda ya zo tabon yana ƙarami, da ƙafarsa yake komawa gida.

Ga abin da za a yi, ki gaya mata tun daga gida: likita zai sa wuƙa ya gutsuri ɗan nama a kai labo, ɗakin gwaji. In shi ne, za a yanke wurin duka, ƙila har da wani sashe na diddigen.

Ki karanta wa Yaya A'i wagga takarda daga sama har ƙasa. Na san halinta, gara ta ji a ɗakinta.

Tantinki Sahura

Angwal Magarya, 24 ga Yuli

Tanti, gaisuwa, muna lafiya! Albishirinki! Inna ta yarda, ko gardama ba ta yi ba. Ta bar wa maƙwabta amanar akuyoyi, ta ce kwana uku kawai za ta ba ku saboda maimai, noma na biyu. Ranar Alhamis za mu bi Malam Ja'afar zuwa Dutsi, Juma'a muna Yamai in sha Allah. Ta daka miki garin kuka da daddawa. Ki ajiye mini ruwan sanyi, na manta ɗanɗanonsa.

Rumaisa'u

Angwal Magarya, 3 ga Agusta

Tanti,

Ina gaisuwa, in za ki amsa. Mun iso gida lafiya, jikin Inna yana nan yadda kinka gan shi.

Na san kunyar da munka ba ki gaban likitanku. Na ga fuskarki lokacin da anka buɗe farantin ƙarfen nan, Inna ta ga wuƙa ta miƙe da ƙafa ɗaya cikin takalmi, ta ture ki ta fita. Na ji kina bin mu har bakin titi kina "Yaya, ai an gaya miki, ai an gaya miki!"

Tanti, ba a gaya mata ba. Ni ce. Da nake karanta mata takardarki, da na zo wurin wuƙa da yanka, na dubi fuskarta, sai bakina ya tsallake layi biyun nan. Na ce mata dubawa kawai za a yi a ba ta magani. Na ɗauka in ta gan ta cikin asibiti, ga ki ga likita, kunya za ta sa ta zauna. Shi ya sa ta yarda da sauƙi.

Cikin kar, sai da munka wuce Dosso ta ce, ba tare da ta dube ni ba: "Ke da na haifa, ke za ki kai ni mahauta?" Na ce Inna gutsure ne kaɗan. Ta ce: "Ciwon daji ba ya son ƙarfe. Yana kwance abinsa, in ya ji ƙarfe sai ya tashi ya bazu. Kowa a Arewa ya san haka sai ku 'yan lakkwal, 'yan boko. Tambayi Sahura mi ya kashe uwarmu."

Mi ya kashe Iya Ramatu, Tanti? Ni ban iske ta ba, kuma ba a taɓa gaya mini ba.

Yanzu Inna ta koma ga ganye da toka da turare. Ta hana ni ganin ƙafar. Ki yafe mini, ki gaya mini mi zan yi.

Rumaisa'u

Angwal Magarya, 25 ga Agusta

Tanti,

Gaisuwa. Ba zan ce muna lafiya ba.

Kasuwa uku ke nan babu amsarki. Na san fushi kike, kuma kina da gaskiya. Ki zage ni, ki ce ni ba ɗiyarki ba ce, amma ki rubuto. Motar Malam Ja'afar ma ba ta shigowa, ruwa ya cinye hanya, wagga takarda wani mai raƙumi zan ba ya kai Sukukutane.

Abin ya fashe, Tanti. Na gan shi tana wanka. Ya cika diddigen, ya taso kamar naman kaza, ga wasu ƙananan baƙaƙe guda uku sun fito kusa da shi kamar 'ya'yansa. Yana wari. Ƙudaje ke bin ta har gona, don har yanzu tana zuwa, a kan jaki, ta sauka ta yi cira da rarrafe. Jiya wata mata ta ja tabarmarta nesa da ita a gidan suna. Inna ta yi kamar ba ta gani ba, ni kuwa na fito bayan gida na yi ta kuka.

Na hau tudun gabas da salular maƙwabcinmu ina neman ko layi ɗaya na rezo, har rana ta yi tsaka. Babu. In kin yafe ni ko ba ki yafe ba, yayarki ce.

Rumaisa'u

Yamai, 8 ga Agusta
('Yan uwa, ku dubi kwanan watan. Wannan sai 2 ga Satumba ta iso hannuna.)

Ɗiyata,

Na samu takardarki jiya, kuma yau nake amsawa. Muna lafiya. Na yi fushi kwana ɗaya, ya wuce. Abin da kinka yi, 'ya'yan marasa lafiya suna yi mana shi kullum, don so ne. Amma kada ki sake. Abin da ke ƙasa na Yaya ne. Ki karanta shi duka, ko muryarki na rawa.

Yaya A'i, Sahura ce, wadda kinka goya. Kin ce a tambaye ni mi ya kashe Iya. To ga shi.

Iya ta ƙone a ƙauri tun ba a haife ni ba. Wurin ya zama gyambo. Kin tuna shekara nawa muna wanke mata tsumma? Bakwai. Kin tuna lokacin da kinka sa ta a amalanke zuwa Dutsi, ta riga ta rame, ga ƙulli a matsematsinta kamar ƙwan zabo? An yi mata aiki, ta rasu bayan kwana arba'in. A zaman makoki tsofaffi sunka ce ƙarfe ne, kuma ke kinka kai ta. Kina da shekara ashirin da biyu. Na ga kin sunkuyar da kai, kuma har yau ba ki ɗago ba.

Yaya, na ga irin ƙafar Iya fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Wuƙa ba ta tada daji. Abin da ke faruwa, mutanenmu ba sa zuwa ga wuƙa sai daji ya gama tafiyarsa, sai a mutu, sai a ce wuƙa ce. Waɗanda anka yanka da wuri suna nan garuruwansu suna noma, ba wanda ke ba da labarinsu, don mai lafiya ba a yi masa zaman makoki.

Ba ke kinka kashe Iya ba. Ke kaɗai ce kinka yi ƙoƙarin ceton ta. Shekara bakwai ɗin ne sunka kashe ta. Ke kuma kin ci ɗaya da rabi. Ba ni da wata yaya. Ki zo, ni zan riƙe miki hannu.

Sahura

Angwal Magarya, 5 ga Satumba

Tantina,

Gaisuwa da neman gafara kan zaton da na yi miki. Ashe takardarki na cikin aljihun motar Malam Ja'afar kusan sati huɗu, motar na Dutsi tana jiran hanya ta sha ruwa. Da ya miƙo mini, na ga kwanan watan, sai na nufi gida da ita.

Na karanta mata duka, da hantsi, tana tsinke zogale. Ko wasali ban bari ba. Da na zo wurin amalanke hannunta ya tsaya. Da na zo "ba ke kinka kashe Iya ba", ta ja gyale ta rufe fuska. Tanti, ban taɓa jin kukan Inna ba, ko ranar Baba. Ta daɗe. Sannan ta fyace hanci ta ce: "Wannan 'yar mai kunnen ƙashi, yaushe ta yi hankali haka?"

Ta yarda a yanka. Amma ta ce sai an ɗaure hatsi. Na durƙusa, na riƙe ƙafarta mai lafiya, na ce Inna wata guda ne fa. Ta ce: "In na tafi yanzu tsuntsu da shanun mutane su cinye gamana, in dawo da ƙafa in ci mi? In zauna ina miƙa ƙwarya gidan mutane?" Na ce ni zan tsaya. Ta ce: "Ke da kinka jefa salula rijiya?"

Na bi gida gida na roƙi mata, sun yi alkawarin gayya da zarar zangarniya ta nuna, gamanar Inna za a fara yankewa kafin tasu. Ni ma na koyi yanka, hannuna duk ya yi bororo.

Abu ɗaya, Tanti. Ta ce kaluluwa ta fito mata a matsematsi, amma ba ta ciwo. Ai wadda ba ta ciwo ba komai, ko?

Rumaisa'u

(Wannan tambayar Tanti ta amsa ta da layi ɗaya: "Ku taho ko hatsi na tsaye." Inna ba ta taho ba sai da dami goma sha tara ya shiga rumbu. Mun isa Yamai 6 ga Oktoba. An yanke ƙafar daga saman idon sawu, an cire kaluluwar an kai labo. Tanti ta riƙe mata hannu kamar yadda ta ce. Da ciwon ya kama warkewa Inna ta tada rigima sai gida, munka dawo kafin rezulta, sakamakon gwajin, ta fito.)

Yamai, 14 ga Nuwamba

Ɗiyata Rumaisa'u,

Ina gajiyar hanya, ya jikin Yaya? Ina fata tana amfani da sandunan dogarawar, ba ta mayar da su abin korar kaji ba. Ki ci gaba da wanke wurin yadda na nuna miki.

Rezulta ta fito. Melanom ne. Yana cikin kaluluwar da anka cire, kuma hoton ƙirjin da anka yi mata ya nuna ɗigo biyu a huhu. Ya riga mu wucewa. Akwai maganin da za a gwada don rage masa gudu, da na rage ciwo in ciwon ya zo, randebu, ranar komawa wurin likita, 10 ga Janairu. Likita bai ce gobe ba, bai kuma ce shekara goma ba. Na tambaye shi da a ce ta zauna a watan Yuli fa? Ya ce Allah ya sani, ƙila tun lokacin ya fara tafiya. Ki riƙe wannan maganar, don na san abin da za ki ɗora wa kanki. Kada gidanmu ya sake samun mai sunkuyar da kai shekara talatin.

Yau na rubuta sunan yayata cikin littafin sunayen marasa lafiyarmu da hannuna. Mace, hamsin da huɗu, manomiya, Arewa. Layinta bai bambanta da na sama da shi ba.

Ni na ce kada ki sake tsallake layi. Yau na janye. Na yi mata alkawarin wuƙa za ta cece ta, ga shi ta ba da ƙafa. In kin ga ba za ta iya ɗauka ba, ki tsallake sakin layi na biyu, alhakin a wuyana.

Sahura

Angwal Magarya, 22 ga Nuwamba

Tanti,

Gaisuwa. Inna na gaishe ki, tana cin tuwo, kuma e, kaji take kora da sandunan.

Kwana biyu takardarki na cikin zanena. Jiya da safe tana bakin rumbu tana zaɓen zangarniyar iri, ta ce: "Takardar da ke ƙara a ƙugunki, ta saurayi ce?" Na zauna na karanta. Ban tsallake ba, Tanti. Na karanta huhun, na karanta ɗigo biyun, na karanta har inda kinka ce in tsallake.

Ta juya zangarniya a hannu. Sai ta ce: "Gaya wa Sahura ba ta yi mini ƙarya ba. An yanka, ga ni ban mutu ba, warin ya tafi, jiya mata sun zauna tabarma ɗaya da ni. Ba ƙarfe ba ne, hatsina ne na tsaya wa."

Na fashe da kuka na ce Inna ni ce, ni na ce faso ne, ni na tsallake layi. Ta buge ni da zangarniya a ka. Ta ce: "Ke kina zaton ban ji ba? Kina karatu tiryan-tiryan, sai kinka yi tuntuɓe kinka haɗiye miyau. Na san akwai abin da kinka bari. Ban tambaya ba don ba na son in ji. Laifin mu raba shi, ki ɗauki ƙarami."

Sannan ta miƙo mini irin, zangarniya talatin, ta ce in rataye su a ɗaki inda ɓera ba ya kai. Na ce na wa? Ta ce: "Na wanda ruwan farko ya iske."

Za mu zo randebu. Ki shirya, ba mu kaɗai ba ne. Duk matar da ta zo gaishe ta sai Inna ta ce "ɗaga ƙafa in gani", ta riga ta kama mutum biyu masu tabo, da wani zabiya ɗan maƙwabta mai ƙurji a kunne.

Ɗiyarki Rumaisa'u

To 'yan uwa, nan takardun sunka tsaya. Yau na shigo Dutsi sayen maganin wanke ciwo, na samu rezo da salular aro, gobe zan koma. Irin na nan rataye, kullum da safe shi nake fara kallo, Janairu kuma ta ƙi zuwa. Ku sa Inna A'i cikin addu'a. In kun tashi daga nan, ku je ku ce wa tsohuwarku ta ɗaga ƙafa ku gani, ko za ta zage ku. Kuma ku gaya mini a ƙasa, don ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba: a gidanku an taɓa cewa daji ba ya son ƙarfe? Wa ya taɓa ɓoye wa uwarsa maganar likita, kuma ya ta ƙare?